Elementare da Midil a Birnin Kano: Bambancin Makarantun En'e Biyu

Masu rubuta tarihin ilmin boko a Kano sun saba fara magana daga makarantar da Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa cikin 1909, sa'an nan su tsallaka zuwa Kwalejin Katsina wadda Gwamna Clifford ya buɗe cikin 1922. Abin da ke tsakanin nan kuwa ba a cika tsayawa a kansa ba, alhali nan ne yawancin 'yan bokon Kano na farko suka yi zamansu. Makarantu iri biyu ne, elementare da midil. Sau da yawa a kan ɗauke su kamar matakala ɗaya ce, wanda ya taka ta ƙasa sai ya taka ta bisa. Ba haka al'amarin ya ke ba.

Tsarin ya kafu ne bayan 1929, lokacin da aka haɗa ma'aikatun ilmi na Arewa da na Kudu aka naɗa E. R. J. Hussey shugabansu. Aka yanka wa elementare shekara huɗu. Midil kuma aji huɗu, da wani aji na share fage a gabansu, inda yaro zai tsaya ya kama Turanci. Dukansu biyu a hannun En'e su ke, daga baitulmali a ke biyan malamai, Turawan ilmi kuwa su na zagayawa su na duba aiki. Yawancin wannan zamani ya faɗo cikin sarautar Sarkin Kano Abdullahi Bayero, 1926 zuwa 1953.

Elementare makarantar unguwa ce. Yaron da ke Shahuci da ƙafa ya ke zuwa daga gidansu, in an tashi ya koma, ya ci tuwon gida, ya ɗauki allonsa ya tafi wurin malaminsa na Alƙur'ani. Da Hausa a ke koya masa kome: karatu da rubutun boko, da lissafi, da labarin ƙasa, da kiwon lafiya, ga kuma addini da Larabci. Littattafan da ya ke karantawa daga Zariya su ke fitowa, daga ofishin talifi na Dokta East, kamar Magana Jari Ce ta Abubakar Imam wadda ta fara fita cikin 1937. Lalle wannan ya yi wa harshen Hausa babban amfani, don a waɗannan azuzuwa ne aka sami mutanen da suka karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fito cikin 1939. Amma fa amfanin harshe dabam, amfanin yaro dabam. Wanda ya gama aji huɗu ba shi da Turancin da zai shiga ofishin Gwamnati ko na kamfani da shi. Iyakarsa ya zama malamin haraji, ko magatakardan hakimi, ko ya koma kasuwa wurin ubansa. Ba abin mamaki ba ne da iyaye da yawa suka ga abin ɓata lokaci ne, banda tsoron da su ke yi kada a ɓata wa yaro addini. Har ya zama sai an raba wa hakimai da masu unguwa adadin yaran da za su kawo, waɗansu manya kuwa su ɓoye 'ya'yansu su tura na barorinsu. Daga baya aka ga wanda ya ci riba.

Midil ba ta unguwa ba ce, ba ma ta birni ba ce, ta lardi ce. Guda ɗaya tak a ke da ita, ita ce Kwalejin Rumfa ta yau, wadda ta ke lissafin shekarunta daga 1927. Cikinta za a zuba waɗanda aka zaɓo daga elementare ta birni da ta gundumomi duka, saboda haka kaɗan ne ƙwarai ke samun shiga. Makarantar kwana ce. Yaro ya rabu da gida, ya sa tufafin makaranta, ya ci abincin makaranta, ƙararrawa ta tashe shi ta kwantar da shi. Harshen koyarwa kuma ya juya ya koma Turanci. Nan ne ainihin mararraba, domin Turancin shi ne mabuɗin kwaleji, wadda aka ɗauke daga Katsina zuwa Kaduna cikin 1938, sa'an nan zuwa Zariya cikin 1949.

A dubi waɗanda suka bi hanyar har ƙarshenta. Malam Aminu Kano ya yi Shahuci da Midil tsakanin 1930 da 1937, ya wuce kwaleji, ya fito ya koyar a Midil ta Bauci. Alhaji Maitama Sule ya bi sawunsa daga Shahuci ɗin. Janar Murtala Muhammed ya yi elementare ta Cikin Gida da makarantar Gidan Makama kafin ya shiga Midil. Sunayensu ne suka sa a ke zaton hanyar a buɗe ta ke. Abokan ajinsu na elementare waɗanda suka tsaya a aji huɗu sun ninka su nesa ba kusa ba, sai dai ba wanda ya rubuta labarinsu.

'Yan mata kuwa ba su da rabo a Midil. An buɗe musu makaranta a Kano da Katsina cikin 1930, ta Kano a cikin gidan Sarki, amma karatunsu bai wuce na farko da aikin hannu ba.

Akwai kuma makarantu na uku da ya kamata a sa cikin ma'auni, ko da ya ke ba na En'e ba ne. Bayan isowar jirgin ƙasa cikin 1911 aka kafa Sabon Gari, mishan da ƙungiyoyin mutanen Kudu suka buɗe makarantunsu a can, inda yaro ke haɗuwa da Turanci tun da wuri. Tsakanin Shahuci da Sabon Gari tafiyar ƙafa ce, amma ɗan Sabon Gari ya kan riga ɗan birni zama akawu da shekaru. Wannan rata ta na cikin abubuwan da suka sa Gwamnatin Jihar Arewa ta matsa wajen horar da 'yan ƙasa don su riƙe ayyukan ofis.

Cikin shekarun 1950 aka rushe tsarin midil. Ƙananan azuzuwanta suka zama babbar firamare, aka baza su wurare da yawa, manyan kuma suka zama sakandare ta lardi. Elementare aka sake mata suna ƙaramar firamare. Ƙofar ta ɗan ƙara faɗi, amma jarrabawar fita daga aji huɗu ta ci gaba da tankaɗe yara har aka haɗe firamare ta zama makaranta ɗaya. Shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa bai zo ba sai 1976, shekarar da aka kashe Murtala.