Agadas: Birnin Ayari a Bakin Hamada

Birnin Agadas, wanda ke gindin duwatsun Abzin a arewacin Jamhuriyar Nijar, yana cikin garuruwan da ba noma ne ya kafa su ba, domin ruwan saman da yankin ke samu bai isa ya nuna gero ba, kuma ƙoramar Telwa da ke gangarowa daga duwatsu ba ta gudu sai 'yan kwanaki a damina. Abin da ya tara jama'a a wurin shi ne mahaɗar hanyoyi, wato ta arewa mai zuwa Gat da Gadamas da Tarabulus, da ta gabas mai ratsa hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma, da ta yamma mai zuwa Gawo a bakin Kwara, da kuma ta kudu mai sauka Damargu da Katsina da Kano. Kayan da ake bi da su ta waɗannan hanyoyi sun sha canzawa cikin shekaru kusan 600, amma sana'ar garin ba ta canza ba, ita ce saukar da matafiyi da yi masa guzuri da ba shi jagora, kuma sau da yawa masu buɗe hanyar ko toshe ta ba mazauna garin ba ne.

Lokacin da Ibn Battuta ya ratsa yankin a 1353 bai ambaci Agadas ba, domin garin da ke tashe a zamanin shi ne Takadda, inda ake narka jan ƙarfe ana kai shi Gobir da Barno, kuma masu binciken kufai suna ganin kangonsa ne ake samu a Azelik. Labaran gargajiya sun nuna cewa Gobirawa sun zauna a Abzin kafin ƙabilun Abzinawa masu kwararowa daga arewa su tura su kudu. Waɗannan ƙabilu, kowace da tambarinta da shugabanta, sun rasa wanda zai raba musu gardama a kan rijiyoyi da makiyaya da kuɗin hanya, sai suka kafa sarauta guda a wajen 1405 suka naɗa Yunusa, wanda ya zauna a Tadeliza, kafin a mayar da fada Agadas a tsakiyar ƙarni na 15, zamanin Sarki Ilisawan. Labarin da ake bayarwa a fada shi ne cewa an tura jakadu Santambul suka roƙo ɗa daga Sarkin Musulmi na can, kuma ko da yake Santambul ba ta shiga hannun Turkawa ba sai 1453, labarin yana bayyana abin da ƙabilun ke nema, wato sarkin da ba ɗan kowace ƙabila ba ne. Shi ya sa al'ada ta fi son ɗan ƙwarƙwara ya hau gado, tunda a wurin Abzinawa da yawa dangantaka ta wajen uwa ake bi, kuma wanda uwarsa ba ta da ƙabila ba shi da kawunnan da zai karkata gare su. Sarkin Abzin alƙali ne mai sulhu fiye da mai mulki, ba shi da rundunar kansa, kuma manyan da suka naɗa shi suna iya tuɓe shi, abin da suka riƙa yi a kai a kai.

Ƙarni na 15 da na 16 su ne lokacin ganiyar garin. Tarihin sarakunan Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Yakubu, a tsakiyar ƙarni na 15, Abzinawa suka zo Gobir, gishiri ya wadata a ƙasar Hausa. Shehu Magili ya bi ta Abzin a ƙarshen ƙarnin kafin ya isa Kano da Katsina, Imam Suyuɗi kuma ya aiko da wasiƙar nasiha daga Masar zuwa ga Sarkin Agadas da Sarkin Katsina, wanda ke nuna cewa malaman Alƙahira sun san garin a matsayin fadar Musulunci. Askiya Muhammadu na Songai ya kawo yaƙi sau biyu, a wajen 1500 da kuma 1515, ya ɗora wa garin haraji, amma mamayar ta zo da riba, domin ta haɗa Agadas da hanyar zinariya da ta alhazai daga Gawo zuwa Masar. A wannan zamani ne ake danganta gina babban masallaci ga wani waliyyi mai suna Zakariyya. Hasumiyarsa, wadda aka sake ginawa a 1844, tana da tsawon mita 27, da ƙasa zalla aka yi ta, faɗinta yana raguwa yayin da take hawa, kuma itatuwan da ke leƙowa daga jikinta suna riƙe ginin, suna kuma zama matakala ga magina idan lokacin yaɓe ya zo.

Da rundunar Maroko ta karya Songai a Tondibi a 1591, hanyar yamma ta mutu, attajirai suka fara watsewa. Sarautar ba ta faɗi ba, har ma Agabba ɗan Sarki Muhammadu Mubarak ya ci ƙasar Adar daga hannun Kabi a 1674, amma garin ya juya fuskarsa kudu, kuma abin da ya riƙe shi daga nan shi ne gishiri. Tsarin wannan fatauci, wanda Abzinawa ke kira taglamt, Hausawa kuma ayari, mai kusurwa uku ne. Da kaka, bayan raƙuma sun ƙoshi da ciyawar damina, dubban raƙuma kan tashi ƙarƙashin madugu, wato jagoran da ya san taurari da rijiyoyi, su nufi Bilma mai nisan kimanin kilomita 600, kowane raƙumi ɗauke da gero da kuma damman ciyawar da zai ci, tunda Tenere ba ta da abin kiwo, har akan ajiye wasu damman a hanya domin dawowa. Ana tafiya daga safiya har tsakar dare ba zango, mutane suna shan wani dame na gero da dabino da cuku, mai kama da fura, a bisa tafiya. A Fashi da Bilma, inda Barebari ke haƙa ramukan gishiri, akan yi musayar gero da dabino da gishiri iri biyu, wato beza, fari mai kyau na miya, da kantu, wanda ake zubawa a kwarmin kututturen dabino ya daskare, na dabbobi. Bayan an koma Abzin an huta, sai a sauka Damargu da Damagaram da Kano da Sakkwato, a sayar da gishiri, a sayi hatsi da fata da turkuɗi, wato baƙin yadi mai sheƙi da marinan Kura ke bugawa, wanda Abzinawa ke naɗawa. Raƙuman kan yi rani a gonakin Hausawa suna cin kara suna barin taki, abin da ya sa manoma ke maraba da su, har ayari ya zama yana da masauki sananne da ake gada daga uba zuwa ɗa.

A wancan zamani ba kowane ayari ne ke shiga cikin Agadas ba, amma fada tana da rabonta ta hannun Sarkin Turawa, jami'in da ke kula da fataken Larabawa da karɓar kuɗin shiga, wanda kuma yake raka ayarin Abzinawan Kel Geres zuwa Sakkwato yana karɓar kantu ɗaya a kan kowane kayan raƙumi. Wannan cuɗanya da kudu ita ce ta canza harshen garin. A da mutanen Agadas suna magana da wani karin harshen Songai, ɗan'uwan Tasawak da ake ji a Ingal har yau, amma Hausa ta ci kasuwa, daga nan ta shiga gida, har wancan harshe ya ɓace, kuma sarautun fada da yawa sunayen Hausa gare su. Ilimi ma ta wannan hanya ya bi, domin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo Agadas yana saurayi ya yi karatu a wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin da tsananin ra'ayinsa game da gyaran addini ya yi tasiri a kan jihadin 1804. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga garin a Oktoban 1850, ya halarci naɗin Sarki Abdulƙadir, ya ƙiyasta mazauna da kimanin 7,000, ya kuma ga unguwanni da yawa sun zama kango a cikin ganuwar da yake ganin ta taɓa ɗaukar mutum 50,000.

Faransawa sun kafa barikinsu a Agadas a farkon ƙarni na 20, suka ɗora haraji, suka riƙa ƙwace raƙuma domin jigilar soja, a daidai lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan Turai suka koma shigowa ta Ikko, hanyar Tarabulus ta rasa amfaninta. Fari da yunwar 1913 zuwa 1914 suka ƙara tsananta al'amari. A Disamban 1916 Kawusan, wani jagoran Abzinawa mai bin ɗariƙar Sanusiyya, ya zo daga Fezzan da bindigogi da igwa, ya haɗa kai da Sarki Tagama, suka tsare barikin Faransawa har zuwa Maris 1917, lokacin da ɗauki ya iso daga Damagaram tare da taimakon Ingilishi daga Nijeriya. Ramuwar gayyar ta wuce misali, domin an kashe mutane masu yawa a cikin gari, har da malamai, an kwashe dabbobi, an kori jama'ar duwatsu zuwa kudu, wasu ba su tsaya ba sai ƙasar Kano da Katsina. An kashe Kawusan a Fezzan a 1919, Tagama kuma ya mutu a kurkukun Damagaram a 1920. Agadas ta koma ƙaramin gari mai 'yan dubban mutane, ta zauna haka kusan shekaru 50.

Abin mamaki, a Azelik ɗin nan ta jan ƙarfe ne masu bincike na Faransa suka gano yuraniyom a 1957. An fara haƙo shi a Arlit a 1971, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa can ta Agadas, fari na 1973 da na 1984 kuma suka koro makiyayan da dabbobinsu suka ƙare zuwa gefen gari, sai yawan jama'a ya tashi daga kimanin 20,000 a 1977 zuwa sama da 110,000 a ƙidayar 2012. Arzikin ma'adinin ya fi ratsa garin fiye da zama a cikinsa, kuma wannan ƙorafi yana cikin abubuwan da suka haifar da tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009. Tsakanin tawayen biyu da kafinsu, 'ya'yan madugai sun sami sabuwar sana'a, ta kai Turawa masu yawon buɗe ido cikin Tenere da mota, maƙera kuma suka sami kasuwar sarƙoƙin azurfa, har filin jirgin saman garin ya ɗauki sunan Mano Dayak, wanda ya fara da sana'ar kai masu yawon buɗe ido kafin ya zama jagoran 'yan tawaye. Sace ma'aikata 'yan ƙasashen waje a Arlit a 2010 ya sa gwamnatocin Turai suka hana mutanensu zuwa, saboda haka lokacin da hukumar UNESCO ta sa tsohon garin mai unguwanni 11 cikin kayan tarihin duniya a 2013, babu baƙin da za su zo kallo.

Direbobin sai suka koma jigilar 'yan ci-rani, musamman bayan faɗuwar Gaddafi a 2011. A wancan lokaci, kowace Litinin motocin Hilux kan taru su bi rakiyar soja zuwa Dirku, daga nan su wuce Sabha a Libiya, kuma Hukumar Ƙaura ta Duniya ta ƙirga fiye da mutum 300,000 da suka nufi arewa a 2016 kaɗai. Ya kamata a lura cewa a lokacin yawancinsu ba baƙin haure ba ne a ƙasar Nijar, tunda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba su izinin zirga-zirga, kuma da dama aiki suke nema a Libiya da Aljeriya, ba Turai ba. Masu gidajen saukar baƙi da masu sayar da jarkoki da rawuna da tabarau da masu canjin kuɗi da makanikai duk sun ci abinci a wannan hanya, amma hanyar ta ci rayuka, kamar mutum 92, galibi mata da yara daga yankin Kance, da ƙishirwa ta kashe kusa da iyakar Aljeriya a Oktoban 2013. A Mayun 2015 majalisar Nijar ta zartar da doka mai lamba 2015-36 wadda ta haramta safarar, aka fara aiki da ita sosai a 2016 bisa matsin lamba da kuɗin Tarayyar Turai, aka ɗaure direbobi, aka ƙwace motoci, kuma jarin sefa miliyan ɗaya da rabi da aka yi wa masu barin sana'ar alkawari kaɗan ne daga cikinsu suka gani. Dokar ta rage adadin da ake ƙirgawa a shingaye, amma ta tura direbobi bin ɓarauniyar hanya nesa da rijiyoyi, inda lalacewar mota ɗaya kan zama ajalin duk wanda ke cikinta, wasu matasan kuma suka koma haƙar zinariyar da aka gano a Jado da Cibarakatan a 2014.

Gwamnatin sojan da ta karɓi mulki a Yulin 2023 ta soke dokar a Nuwamban shekarar, motoci suka koma tashi daga tasha a bainar jama'a, sojojin Amurka kuma suka fice a 2024 daga sansanin jirage marasa matuƙa da suka gina a kudancin garin. Sai dai yanzu hanyar tana kwararo mutane ta fuska biyu, domin Aljeriya tana sauke dubban waɗanda ta kora a bakin iyaka, su taka kimanin kilomita 15 zuwa Asamaka, daga nan a kwaso su zuwa Arlit da Agadas, inda suke jiran a mayar da su ƙasashensu a garin da ruwan famfo ba ya isar mazaunansa da bazara, kuma ruwan sama mai ƙarfi irin na 2009 da 2024 yake rusa gidajen ƙasa na tsofaffin unguwanni, masu su kuma suna son sake gini da siminti, dokar kayan tarihi tana hana su.