MAƘALAR MAKO: Ranar da Jini Ya Yi Tsami



A littattafanmu, da zarar zuciyar Alhaji ta rikice sai likita ya rugo da allura, bayan shafi biyu Alhaji ya buɗe ido. Mu mutanen Dawakin Kudu, maƙwabtan Kura da Bunkure, mun san cutar da ta nuna wa likitoci cewa lamarin ya fi haka: kwalara, wato amai da gudawa.

Annobar ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, ta yi ɓarna a 1971. A 1974 aka kammala madatsar Tiga, ruwa ya bi kanal zuwa gonakin shinkafa da tumatir na yankinmu. Arziki ne babba, sai dai ruwan gona ba na sha ba ne, kuma ɗan ƙwadago in rana ta take, abin da ke gabansa yake sha. Ko a 2021 cutar ta kashe fiye da mutum 3,000 a ƙasar nan, Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

To me ya haɗa gudawa da zuciya? Amsar ta fara fitowa a 1831 a Ingila, lokacin da wani matashin likita, William O'Shaughnessy, ya binciki jinin masu kwalara. Ya tarar sun rasa ruwa da gishiri da sinadarin da ke kashe tsami a jini, wanda ake kira bayikabonet. Aikinsa kamar na kanwa ne a tukunyar yakuwa. A 1832 Thomas Latta ya ɗura wa marasa lafiya ruwan gishiri ta jijiya, wannan ne kakan ƙarin ruwan da muke gani a asibiti.

Magungunan daidaita bugun zuciya kuwa hanyarsu daban. A 1785 William Withering ya wallafa bayani kan tsiron da daga baya aka samo digoksin daga danginsa. A 1918 Walter Frey ya nuna amfanin kwinidin, ɗan uwan kwinin na zazzaɓi. Sannu a hankali aka gane cewa ƙarfin waɗannan magunguna ya danganta da halin da jini yake ciki.

Ma'aunin tsamin jinin mai lafiya tsakanin 7.35 da 7.45 yake. In ya sauko, zuciya kan yi rauni. Magunguna irin su kwinidin sukan daɗe manne a ƙofofin da saƙon bugawa ke bi, har su rikita bugun da aka ce su gyara. Shi ya sa in sun yi wa mutum yawa, bayikabonet na cikin abin da likita ke ba shi. Ga kuma tarko: tsami yana koro sinadarin fotasiyam daga tsoka zuwa jini, gwaji ya nuna kamar lafiya lau, alhali gudawa ta kwashe shi. Da an gyara tsamin sai ya faɗi, digoksin ɗin da dattijo ya saba sha ya zama guba, balle in ƙoda ta gaza fitar da shi.

Wannan ne dalilin da ya sa ƙunshin ORS ba gishiri da sukari kaɗai ba ne, akwai fotasiyam da mai kashe tsami. Kada wani ya karanta wannan ya jiƙa wa mara lafiya kanwa.

Saboda haka in za mu kwantar da Alhaji a asibiti a labari, mu bar likita ya fara tambaya: kwana nawa yana gudawa, wane magani yake sha? In kuwa tsohonmu ne na gida mai shan maganin zuciya cikinsa ya ɓaci, mu kai shi asibiti da wuri, da kwalin maganin a hannu.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.