Daga dilka zuwa leza: tabon fuska a ƙasar Baure

A Baure, can bakin iyakar Nijar a masarautar Daura, rana ba ta raga wa kowa. Mace mai juna biyu kan wayi gari ta ga baƙi ya shimfiɗu mata a kumatu da goshi, a ce da ita ai na ciki ne, zai tafi bayan haihuwa. Wani ya tafi, wani ya zauna daram. Likitoci na kiransa melasma, kuma daban yake da kyasbi, wanda ƙwayar cuta ke haddasawa.

Tsofaffi ba su rasa dabara ba: sabulun salo, man kaɗe, kurkur da lalle. Daga baya dilka ta iso daga Sudan ta hanyar Barno, ta shiga gyaran amare. Aikinsu goge fata da tausasa ta, ba sa kaiwa inda launi ke fitowa.

Can Amurka aka kai wurin. A 1975 Albert Kligman da Isaac Willis suka fitar da haɗin magunguna uku na shafawa, jigonsu haidurokwinon, mai dakushe ƙwayoyin da ke samar da launi. Abin da aka tsara don tabo, da sa idon likita na ɗan lokaci, shi 'yan kasuwa suka mayar man bilicin. Ya cika shagunan Arewa, ya bar mata da ƙonanniyar fuska da baƙaƙen gaɓoɓin yatsu, har hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar gaggawa a 2023.

Hasken leza kuwa an fara samar da shi a 1960, kuma a 1983 wasu masana, Anderson da Parrish, suka nuna yadda zai farfasa launi ba tare da ƙona naman gefe ba. Sai dai baƙar fata tana da halinta: in ta ji zafi, ƙara baƙi take yi. Shi ya sa ƙwararru ba sa farawa da haske. Sukan sa a yi makonni ana shafa magani, a bi da haske mai sauƙi, a koma shafawa, a haɗa da man kare rana. Kafin a kai ga wannan, likita kan tambayi mara lafiya ko awa nawa take yi a gona, da ko tana sa malafa.