Tarihin Wasannin Bidiyo na Jitar Roba

Wasannin jita reshe ne na wasannin bidiyo na bin kiɗa. Mai wasa yakan rataya jitar roba wadda ba ta da tsirkiya ko ɗaya, yana danna maɓallai daidai lokacin da alamomi masu launi suka gangaro ƙasan allon talabijin. In ya dace, kiɗan ya ci gaba. In ya kuskure, sautin jitar ya yanke, 'yan kallon cikin wasan su yi masa eho.

Daga Japan abin ya faro. A 1999 kamfanin Konami ya kai GuitarFreaks gidajen wasa da ake jefa sulalla, da jita mai maɓalli uku. Wanda ya shigar da salon cikin gidaje a Amurka shi ne RedOctane, ƙaramin kamfanin 'yan uwa biyu, Kai da Charles Huang, da ke ƙera tabarmin wasan rawa. Suka haɗa hannu da Harmonix, wanda Alex Rigopulos da Eran Egozy, tsofaffin ɗaliban jami'ar MIT, suka kafa a 1995. Harmonix ya riga ya fitar da wasannin Frequency da Amplitude, sun sha yabo amma ba su yi kasuwa ba. Abin da suka rasa shi ne abin riƙewa a hannu.

Wasan da suka yi tare, Guitar Hero, ya fito a Nuwamba 2005 a kan PlayStation 2. Jitarsa siffar Gibson SG ce, da maɓalli biyar: kore, ja, rawaya, shuɗi da ruwan lemo. Yawancin waƙoƙin ma ba na masu su ba ne, wasu makaɗa aka sa suka maimaita su. Duk da haka ya karɓu nan da nan, domin wanda bai taɓa koyon kiɗa ba yana iya jin kansa a kan dandali cikin minti goma.

Ganin kuɗi, sai manya suka shigo. A 2006 Activision ya sayi RedOctane a kan kimanin dala miliyan 100, MTV kuma ya sayi Harmonix a kan dala miliyan 175. Abokan jiya suka zama kishiyoyi. A 2007 Activision ya fitar da Guitar Hero III, wanda ya ce cinikinsa ya haura dala biliyan ɗaya, kuma a cikinsa ne waƙar "Through the Fire and Flames" ta ƙungiyar DragonForce ta zama ma'aunin gwanaye. Harmonix ya mayar da martani da Rock Band, ya ƙara ganguna da makirufo, mutum huɗu su yi wasa tare.

Faɗuwar ba ta yi wuyar gani ba. A 2009 an cika kasuwa da sababbin fitowa, ciki har da The Beatles: Rock Band, alhali tattalin arziki ya karye tun 2008. Ga kayan da tsada, ga cin wuri a ɗaki da shago, kuma wanda ya mallaki jita ɗaya ba ya bukatar ta biyu. Robar da ta ɗaga wasan ita ta yi masa nauyi. A Fabrairu 2011 Activision ya dakatar da Guitar Hero.

A shekarar ce Ubisoft ya kawo Rocksmith, mai amfani da jita ta gaske don koyarwa. Yunƙurin farfaɗowa na 2015, da Guitar Hero Live da Rock Band 4, bai kai ko kusa da na da ba. Masoya suka koma Clone Hero, wasan kwamfuta na kyauta da suke zuba wa waƙoƙi da kansu, suna gyara tsofaffin jitoci. Epic Games ya sayi Harmonix a 2021, kuma a Disamba 2023 ya fitar da Fortnite Festival, wanda ana iya buga shi ba tare da jita ba.