Gyaɗa ta riga masu ita ganin teku

Wanda ya tashi a Matamaye, ruwan da ya sani shi ne na rijiya da na tabki, sai kuma na sama idan damina ta yi albarka. Amma garin ya daɗe da hulɗa da teku, kuma gyaɗa ce ta share hanyar. A 1911 layin dogo ya iso Kano, ciniki ya buɗe a shekarar da ta biyo, manoman Kano da Daura suka rungumi gyaɗa. Ba a jima ba ƙasar Kance da Magariya suka bi sahu, duk da suna hannun Faransa. Buhu ya bar gona a bayan jaki ko raƙumi, daga baya a babbar mota, ya ƙetare iyaka, ya ratsa Daura, ya hau dalar gyaɗa a Kano, sannan jirgin ƙasa ya ja shi fiye da kilomita 1,000 zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa a Ikko. Har masana'antar tatsar mai aka kafa a Matamaye. Bayan mulkin kai, a 1962, gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONARA ya riƙe cinikin.

Fatake sun riga jirgi sanin kudu, ba shakka. Sai dai su goro suke bi, Gwanja da Salaga suka nufa, kuma yawancinsu a kurmi suke juyowa.

Abin da ya tura samari har bakin ruwa da yawa shi ne karyewar gyaɗar. Farin 1973 da 1974 ya gigita ƙasa, cutar da ta afka wa shuka a 1975 ta ƙarasa sauran. A daidai lokacin kuɗin man fetur na malala a Najeriya, Naira na da ƙarfi. Da an kai amfani rumbu, sai a ɗaura ƙunshi, a bi hanyar Ɗan Barto, a tafi cin rani. A Ikko akan sauka wajen ƴan uwa a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, a kama gadi, ko ga-ruwa, ko teburin shayi.

Ranar Lahadi kuwa sai Bar Beach, a tsibirin Victoria. Nan ne baƙon da ya fito daga tudu ke fara ganin ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa, ga gishiri a baki, ga ruri ba dare ba rana. Masu fararen riguna na majami'un Aladura suna addu'a a kan rairayi da kyandir da ƙararrawa, ana ta raɗe-raɗin aljanar ruwa. Wurin yana da nasa baƙin tarihin: a nan gwamnatin soja ta riƙa ɗaure ƴan fashi a jikin ganga tana bindigewa a bainar jama'a, cikinsu har da Ishola Oyenusi a 1971.

Ɗan cin rani bai cika shiga ruwan ba, kuma ba a ga laifinsa, don igiyar Bar Beach ta ci gwanayen iyo ma. Shi kasuwa ya gani. Masu hutu na son tsire da kilishi, yaransu na son hawan doki, kuma duk sana'o'in gida ne. Sai ya zama mai kuɗi na kwance a inuwa, Bahaushe na riƙe da linzami yana zagayawa da ɗan mai kuɗin. Kafin a koma gida shuka, a tsaya gaban mai hoto, teku a baya, a haɗa da rediyo da turmin atamfa cikin tsaraba.

Zaman bai taɓa zama tabbas ba. Gana ta kori baƙi a 1969, Najeriya ta yi nata a 1983 zamanin Shagari, aka kuma rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986. Shi ma rairayin ya tafi: teku ta yi ta cin gaɓar, daga bisani aka cike wurin da yashi, aka aza sabon birnin Eko Atlantic a kai. Masu dawaki suka ja dabbobinsu gabas, wajen Lekki.