Kwaikwayon haɗin gwiwa a rabon ma'adanar kwamfuta

Kwaikwayon haɗin gwiwa, wato paravirtualization, dabara ce ta gudanar da kwamfutocin kwaikwayo da yawa a kan na'ura guda. Ana yi wa babbar manhajar kowacce kwaskwarima don ta san cewa baƙuwa ce, ta riƙa shawara da manhajar da ta sauke ta, wato mai masauki.

Tushen dabarar na kamfanin IBM ne. A tsarin VM/370 na 1972, baƙuwar manhajar CMS kan miƙa buƙatunta ga mai masauki kai tsaye ta umarnin DIAGNOSE.

Da aka kawo kwaikwayo kan kwamfutocin x86 a ƙarshen shekarun 1990, sai ma'adanar RAM ta zama alaƙaƙai. An yanka ta shafi-shafi, kowane kilobait 4, kuma kowace babbar manhaja na da jadawalin da ke nuna inda shafukanta suke. Baƙuwa na zaton ma'adanar tata ce ita kaɗai, saboda haka a lokacin mai masauki na kamfanin VMware kan ajiye jadawali na biyu a ɓoye, yana bin diddigin duk canjin da ta yi. Aiki biyu ke nan, kuma yana cin lokaci matuƙa.

A 2003 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila, cikinsu har da Ian Pratt da Keir Fraser, suka fito da mai masauki mai suna Xen. A nan baƙuwa na karanta jadawalin gaskiya da kanta, amma ba ta da ikon yin rubutu a ciki. Sai ta tara canje-canjenta ta miƙa a dunƙule, Xen ya tantance ya zartar. Sauƙin wannan tunani shi ne ƙarfinsa, kuma a kan Xen kamfanin Amazon ya kafa hidimarsa ta EC2 a 2006.

Daga 2007 AMD, sannan Intel a 2008, suka gina fassarar adireshi mai hawa biyu a cikin injinan sarrafawarsu, sai jadawalin ɓoye ya rage amfani. Duk da haka haɗin gwiwar bai mutu ba, domin na'ura ba ta san shafin da baƙuwa ta gama da shi ba. Dabarar balan-balan, wadda Carl Waldspurger na VMware ya bayyana a 2002, na kumbura a cikin baƙuwa ta karɓo shafuka a ba wata mai buƙata. Har yau mai masauki KVM na Linux na aiki da irinta ta hanyar virtio.