Mararrabar Loma da Numfashi: Tarihin Binciken Haɗiya

Duk wanda ya taɓa ƙwarewa da ruwa ya san hanyar numfashi da hanyar abinci maƙwabta ne. Hasali ma a bayan harshe hanya ɗaya ce, sai can ƙasa take rabuwa biyu: ta gaba ta nufi huhu, ta baya ta nufi tumbi. A wannan lacca zan kira ta farko maƙogwaro, ta biyu maƙoshi, ko da yake a maganar yau da kullum mukan gwamutsa su. Ke nan kowace loma sai ta tsallake bakin maƙogwaro. Yadda take tsallakewa ba ta faɗa ciki ba, shi ne abin da masana suka shafe fiye da shekara 2,000 suna bincike.

Aflaɗon, masanin Girka, ya rubuta a littafinsa Timaeus cewa abin sha yana gangarawa huhu. Almajirinsa Arisɗo ya ƙi yarda. Hujjarsa kuwa ita ce tarin da ke sarƙe mutum da zarar ɗigo ɗaya ya ɓace hanya, da kuma wani guringuntsi mai kama da ganye a gindin harshe, wanda ya ce shi ne murfin maƙogwaro. Kada a ɗauka beli ake nufi. Beli a sama yake rataye, wannan kuwa ba a hango shi don an buɗe baki kawai. Bayanin ya yi daɗin kamawa, tukunya da murfinta, saboda haka ya daɗe a littattafan likitanci na Girkanci da Larabci da Latin.

A 1813 wani likitan Faransa, Faransuwa Majandi, ya gwada maganar maimakon ya kwafe ta. Ya yanke wannan murfi daga wuyan karnuka, a zamanin da babu allurar kashe zafi, abin da ba mai iya wanke shi daga zargin rashin imani. Sai ga karnukan suna ci suna haɗiya. Ya gane cewa akwai wani tsaro a ƙasan murfin: tantanin murya guda biyu suna haɗuwa su toshe ƙofar, maƙogwaron kansa kuma yana hawa sama. Wannan hawa kowa na iya tabbatar da shi, in ya ɗora yatsa a zakaran wuyansa ya haɗiye yawu. A ganina wannan gwaji ne ya raba zamani biyu, na karanta jiki a littafi da na tambayar jikin kansa.

Amma haɗiya ta fi ido sauri, kuma a ɓoye take. Sai da Rontgen ya gano hasken ɗaukar hoton cikin jiki a Jamus a 1895 aka sami mafita. A 1896 Walta Kanon, ɗalibin shekarar farko a makarantar likitanci ta Habad a Amurka, ya gauraya abinci da garin bismot, wanda hasken ba ya ratsawa, ya ciyar da dinya, ya zuba ido yana kallon inuwar loma tana gangara dogon wuyanta. An buga sakamakon a 1898.

Abin da hotuna irin waɗannan suka nuna game da ɗan Adam shi ne, harshe ne kaɗai ke jiran umurninmu. Da ya tura loma baya, sauran aikin ya fita hannunmu: ganɗa mai taushi ta rufe hanyar hanci, numfashi ya tsaya, tantanin murya su haɗe, murfi ya kife, bakin maƙoshi ya buɗe, duk cikin kamar daƙiƙa ɗaya. Daga nan maƙoshi, mai tsawon kimanin santimita 25, ya riƙa matsa lomar har tumbi. Tushen ƙwaƙwalwa ne ke tsara wannan jeri. Shi ya sa wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki yakan ƙware da kunun da ake ɗura masa a kwance, wani lokaci ko tari ba ya yi, sai bayan kwana biyu zazzaɓin ciwon huhu ya bayyana, alhali murfin da Arisɗo ya dogara da shi yana nan lafiya lau.